Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga wakilanmu na Filato a Abuja: kar ku bar makunnin intanet a hannun mutum ɗaya

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Wannan takarda taku ce, ku sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilai takwas da jihar Filato ta tura Abuja. Ina gaishe ku da aiki, ya jama'a, ya haƙuri da mu. Na so a ce hannu da hannu zan miƙa muku ita amma ban da hanyar samunku, shi yasa na saka ta a nan inda na san masu riƙe muku shafuka za su gani, dan Allah duk wanda ke da lambar ɗayansu ya tura masa.

Ni gidan gem gare ni a nan Jos ta Arewa. Shago ɗaya ne ba wani babba ba, talabijin huɗu a bango, PS4 uku da PS5 ɗaya, hannuwa goma sha biyu in an haɗa da na wajen mai gyara, benci biyu, ƙaramin janareto, sai 'yar na'urar waifai da nake loda wa data duk wata. Da shagon nan na yi aure, da shi nake biyan haya da kuɗin makarantar 'ya'yana, akwai kuma samari biyu da suke tsare min shi ina sallamarsu kullum da dare. Na san abin da ke zuwa ran babba in ya ji an ce gidan gem, wato inda yara ke ɓata lokaci, kuma zan zo kan wannan ba zan kauce masa ba. Amma ba kuɗi na zo roƙo ba ba tallafi ba. Tambaya ce na zo da ita, wa ke da ikon kashe mana intanet a ƙasar nan, kuma in ya kashe wa zai iya tsayar da shi ya tambaye shi dalili?

Ba na manta safiyar Asabar 5 ga Yunin 2021. Ranar Juma'a aka sanar gwamnati ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani rubutu na shugaban ƙasa na lokacin, kafin gari ya waye shafin ya daina buɗuwa. A ranar shagona ya koma wajen saka VPN, wato manhajar da ke zagaye toshewa ta buɗe shafin da aka rufe, wanda bai taɓa jin sunan abin ba ma ya zo da wayarsa, har da wata baiwar Allah mai saida atamfa da takalma da duk kwastomominta a can take samunsu, ta zo hankali a tashe tana tambaya ko kama ta za a yi in ta saka, don an ji ministan shari'a na lokacin ya ce a gurfanar da masu karya umarnin, an kuma hana gidajen rediyo da talabijin amfani da shafin. Wlh ban san amsar da zan ba ta ba. Kwana 222 aka yi a haka sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka, amma a lokacin wanda zai yi asara ya riga ya yi. Abin da ya tsaya min a rai shine babu alƙalin da ya sa hannu kafin a rufe, kuma ku da muka zaɓa ba a kawo muku an ce ku kaɗa ƙuri'a a kai ba. Sanarwa ɗaya ce kawai.

Wata uku bayan rufe Twitter sai ga na Zamfara. Ranar 3 ga Satumban 2021 aka kashe sabis ɗin waya gaba ɗaya a jihar, wai don a yanke wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su bayanai, aka ce sati biyu, sati biyun nan ya koma watanni a yawancin ƙananan hukumomi, daga nan ya bazu zuwa wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ina da wani abokin buga ƙwallo a waya ɗan Ƙaura Namoda, ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba amma kusan kullum bayan isha'i sai mun kara, yaro ne mai shagon caji da POS. Rana ɗaya ya ɓace. Ba kira ba saƙo, ban san yana raye ba ko an ɗauke shi, sai bayan sati kusan uku ya kira ni daga Zariya muryarsa a dashe, ya ce mota ya shigo takanas don ya kira yayansa da ke Legas ya turo kuɗin asibitin mahaifiyarsu, POS ɗinsa kuwa ya rufe tunda ba netwok ba ciniki. Ranku ya daɗe ban ce gwamnan da ya nemi a kashe bai da damuwa ta gaskiya ba, kowa ya san abin da Zamfara ke ciki. Amma yau shekara nawa, an daina satar mutane a dajin? Wa ya zo ya zauna gabanku ya ce ga abin da kashewar ta haifar, ga wanda ta ceta ga wanda ta kashe don ya kasa kiran taimako? Hukunci ne aka yi na kan mai uwa da wabi, mai laifi yana da babur ɗin da zai hau ya je inda sabis yake, marar laifi shi ne ya zauna a duhu.

Na tambayi wani ɗan uwa da ya karanci shari'a ina aka samo ikon, ya nuna min sashe na 148 na dokar sadarwa ta 2003, wanda ya ba hukumar sadarwa ta NCC dama in an shiga halin gaggawa ko don tsaron jama'a ta janye sabis daga hannun mutane. To wa ke cewa an shiga halin gaggawa? Har zuwa yaushe? Nan ne ƙofar take a buɗe, kuma ku kaɗai ke da ikon sa mata sakata.

Za ku ce to ina ruwan gem da wannan babbar magana. Bari in ba ku labarin da ya fi kowanne taɓa ni, na Kuba. A Habana babban birninsu, shekaru da yawa intanet sai mai gata, tsada ga sa ido, intanet na waya ma sai Disamban 2018 aka buɗe wa talaka. To samari masu son buga gem da junansu suka ce ba za su zauna ba, suka fara jan waya daga wannan rufin gida zuwa wancan, suna ɗaura ƙananan eriya, kowa da ɗan abin da zai iya siya, har abin ya haɗe unguwanni ya zama wani netwok nasu na kansu da suke kira SNET, dubban mutane a kai, ba ya haɗe da intanet ɗin duniya ko kaɗan, cikin gari kawai yake yawo. Suna buga Dota da Call of Duty da World of Warcraft, suna hira, suna saye da sayarwa, wasu a nan suka koyi aikin kwamfuta da suke ci da shi. Kuma ku ji dokar da suka sa wa kansu, ba maganar siyasa, ba maganar addini, ba batsa, wanda ya karya a cire shi. Wato sun yi duk abin da mai mulki zai so, sun kama bakinsu da kansu. Duk da haka a 2019 gwamnati ta fito da sabbin ƙa'idoji da suka sa netwok ɗin ya zama haramtacce a yadda yake, samarin suka taru cikin lumana a gaban ma'aikatar sadarwa suna roƙo, ƙarshe dai aka haɗiye shi cikin cibiyoyin kwamfuta na gwamnati. Ni a ganina laifinsu ɗaya ne, sun haɗa mutane ba tare da sun bi ta hannun hukuma ba. Ranar 11 ga Yulin 2021 da mutanen ƙasar suka fito kan yunwa da rashin magani da ɗauke wuta, cikin abubuwan farko da aka yi akwai datse intanet.

Duk lokacin da na tuna samarin nan sai in ga yaran shagona, irin su ne sak, yaron da zai kwance hannun gem ya gyara da ƙaramin sukudireba, wanda zai haɗa wayoyi takwas a kan hotsfot ɗaya a yi gasa. Mai mulkin danniya ba ƙwallon da ke cikin talabijin yake tsoro ba, taron yake tsoro.

Sai Caina, wadda na san wasu manyanmu na sha'awar tsarinta, don a Oktoban 2020 bayan zanga-zangar EndSARS ministan yaɗa labarai na lokacin ya kawo misalinta a gaban kwamitin majalisa yana neman a sa wa soshiyal midiya linzami. A ƙarshen Agustan 2021 Caina ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba awa ɗaya kawai zai buga gem na intanet, daga 8 zuwa 9 na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Na san iyaye da yawa a Jos da za su ji wannan su ce madalla, ni ma uba ne na fahimce su. Amma ku tambaya ta yaya ake gane yaro da babba? Sai kowa, har mai furfura, ya yi rajista da sunansa na gaskiya da lambar katin ɗan ƙasa, kamfanin gem na Tencent har fuska yake sa a nuna wa kyamara da dare. Ma'ana don a tsare yaro sai da aka san sunan kowa da lokacin da ya shiga da wanda ya yi hira da shi. Kuma hannun da ya yi wannan shi ne ya toshe Google da YouTube da Facebook da WhatsApp, shi ne ya kashe intanet wajen wata goma a yankin Shinjan na Musulmin Uigur bayan rikicin Yulin 2009. Tsoron ma har ya tsallaka waje, a Oktoban 2019 wani ɗan Hong Kong da ke gasar gem ɗin Hearthstone ya furta goyon bayan masu zanga-zangar garinsu a hirar bayan wasa, kamfanin Blizzard na Amurka mai gem ɗin da kansa ya dakatar da shi shekara ɗaya ya ƙwace kuɗin da ya ci, sai da duniya ta yi ca aka rage zuwa wata shida aka maido masa kuɗin. Ba a siyan rabin irin wannan tsari, in ka ɗauko na tsare yara sauran ma a cikin buhun suke.

Iran ta toshe gem ɗin Clash of Clans a ƙarshen 2016, a Nuwamban 2019 da aka ƙara kuɗin mai mutane suka fito sai ta kashe intanet ɗin ƙasar wajen sati guda, a cikin duhun nan aka kashe mutane da yawa. Kuma ba sai mun je nesa ba, Chadi ta rufe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019, Kamaru ta kashe wa yankin masu Ingilishi intanet wata uku a 2017, Nijar ta kashe na waya kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Duk maƙwabtanmu ne, gemunsu ya kama wuta muna kallo.

Yanzu bari in dawo gida, don abin da ya sa na rubuto muku ku na Filato ba na wata jiha ba kenan. Ina shekara tara aka yi rikicin 7 ga Satumban 2001. Wayar GSM a lokacin wata ɗaya kacal da shigowa ƙasar, a layinmu ba mai ita, ba Facebook ba WhatsApp, amma jita-jita ta zaga garin nan da ƙafa da baki cikin awa kaɗan, an ce an ƙona kaza an ce an kashe wane, kuma ba yadda za ka yi ka tabbatar. Mahaifina ya kwana biyu bai san inda yayata take ba, tana gidan wata maƙwabciyar kakarmu lafiya lau. Na ga na Nuwamban 2008, na ga na Janairun 2010. Bayan su garin ya rabu, kowa ya san wannan ko ba a faɗa, akwai unguwar da in sunanka kaza ba ka shiga bayan magariba, yara sun taso a Anguwan Rogo da Rikkos da Gangare ba su taɓa cin abinci a gidan wani a Jenta ko Kabong ko Anguwan Rukuba ba, su ma na can haka.

To ranku ya daɗe ku zo ku ga abin da ke faruwa a waya da dare. Tim ɗinmu na Call of Duty na waya mu biyar ne, biyu Kirista uku Musulmi, an fara ne ba wanda ya san addinin wani sai sunan wasa, sai da aka shaƙu tukun ake jin wani ya ce ku jira ni in yi sallah, wani ya ce gobe ba na nan muna da coci da safe. Daga nan aka buɗe guruf, aka fara zuwa bikin juna, ɗaya daga cikinsu ranar sunan 'yata shi ya kawo kujeru da motar babansa. A Agustan 2021 da aka tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe mutane, aka sa kafiyu na awa 24, garin ya yi tsit ban da ƙarar jiniya, ƙanena yana hanyar dawowa daga Bukur bai san me ake ciki ba. Wani ɗan tim ɗinmu na Kabong shi ya rubuto a guruf ya ce kar kowa ya bi ta wajensu yanzu, matasa sun taru, ya faɗi hanyar da ya ji ta fi lafiya. Na kira ƙanena na faɗa masa, ya iso gida. A daren nan hotunan ƙarya sun yi ta yawo, wasu na wata ƙasa ne ma, kuma a guruf ɗin nan namu aka riƙa ƙaryata su, wannan ya ce ni ina unguwar ba abin da ya faru, wancan ya ɗauko bidiyon layinsu ya turo. Da an kashe sabis a daren da sunan hana jita-jita, ƙaryar da ta riga ta shiga kunne tana nan, mai ƙaryata ta ne kawai za a rufe wa baki, ƙanena kuma da ya bi hanyar da ya saba bi.

Ba ina cewa intanet mala'ika ba ne. Na ga yadda saƙon murya ɗaya ke tada unguwa, na ga masu rubuta kalaman da in ka karanta sai jikinka ya yi sanyi. Wanda ya ce a je a kashe wasu a kama shi, a kai shi gaban alƙali, a nuna abin da ya rubuta, ai tun da aka haɗa layukanmu da NIN ba wanda zai ce ba a san mai layi ba. Shi za a kama, ba garin gaba ɗaya ba. Haka maganar yara, eh akwai yaron da ke gudun makaranta ya zo gem, akwai wanda ke satar kuɗin cefane, akwai kuma cacar ƙwallo ta waya da ta fi gem cin samarinmu nesa ba kusa ba kuma tallanta na ko'ina ba mai cewa komai. Ni a shagona mai yunifom ba ya shiga, ba na buɗewa sai bayan azahar ranar makaranta, in an kira sallah a kashe talabijin, ƙarfe tara yaro ya tafi gida, kuma duk uban da ya zo ya ce kar in ƙara barin ɗansa to an gama. Wannan aikin uba ne da malami da mai unguwa da ni mai shago, mun san yaran da sunansu da gidajensu. Ba aikin wani ofis a Abuja ba ne da zai karɓi sunan kowa da fuskar kowa.

Akwai kuma tsoron da ba ya bukatar a kashe sabis, wanda ke sa mutum ya kashe bakinsa da kansa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an daɗe ana kama mutane da shi kan abin da bai wuce an ɓata wa mai mulki rai ba. A Nuwamban 2022 an ɗauko wani ɗalibi daga jami'ar tarayya ta Dutse har Abuja kan rubutu ɗaya da ya yi game da matar shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ƙasa ta ɗauka aka janye ƙarar. A Nuwamban 2022 ɗin dai wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala 20 da tara da sharar kotu kan bidiyon barkwanci game da gwamna. Na san kun gyara sashen a 2024, Allah ya saka, amma har yanzu ana ɗaukar 'yan jarida da masu rubutu da sunansa, kalmar ƙarya da kalmar tada zaune tsaye kowa na iya ja su kai inda yake so. Ni kaina an taɓa shigo min shago da yamma, wasu jami'ai, ba zan faɗi ko na ina ba ne, suka jera yara a bango suka ce kowa ya buɗe wayarsa, suna shiga hotuna suna shiga hirar mutum da budurwarsa da mahaifiyarsa, ba takardar kotu ba komai, wai 'yan yahu suke nema, da suka ga VPN a wayar wani yaro ɗan aji biyar na sakandare sai suka ce ga shaida. Suka tafi da shi da PS ɗina biyu, sai da dattawan layi suka bi baya. Yaron nan har yau bai ƙara zuwa ba, babansa ya karɓe wayar, shi ne kuma wanda ya fi kowa iya gyaran hannu da saka manhaja a cikinsu, da ni da shi muna maganar in ya gama makaranta zai karanci kwamfuta.

Kuma na lura duk 'yan shekaru sai kudurin sa wa soshiyal midiya linzami ya dawo da sabuwar riga. A 2015 an kawo wanda aka ce na hana ƙorafin banza ne, mutane suka yi ca aka janye. A 2019 aka kawo na soshiyal midiya wanda zai ba hukuma damar sa a toshe shafi, tare da na kalaman ƙiyayya mai hukuncin rataya. Zai sake dawowa, wataƙila da sunan kare yara, wataƙila da sunan tsaro. Ranar da ya zo gabanku ku tuna wasu daga cikin waɗanda suka riƙe madafun iko a 2021 yau suna ɓangaren adawa, kuma a wannan shafin da aka rufe suke kai kukansu ga jama'a. Dokar da za ku rubuta yau ba ku san hannun da za ta faɗa ba bayan shekara huɗu, ramin mugunta gajere ake gina shi.

Tsada ma wata irin rufewa ce da ba a sanarwa. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ga kuɗin mai na janareto, yaran da ke shiga gasa da 'yan wasu ƙasashe sun ragu a shagona, sabunta gem ɗaya kawai sai ya cinye datar da za ta yi wa gida wata, ga sabis ɗin da ke tsinkewa ana tsakiyar wasa. Yaron Jos na da hannu wlh, na ga waɗanda in da a wata ƙasa suke da sun ci abinci da wannan baiwar, suna tsayawa ne kawai inda kuɗin datarsu ya tsaya.

Abin da nake roƙonku, ku ɗauko sashe na 148 ɗin nan ku gyara shi, a rubuta ƙarara ba mai kashe sabis ko toshe wani shafi, ko shugaban ƙasa ne ko gwamna ko minista, sai da umarnin babbar kotu, a faɗi yankin, a faɗi kwana nawa, a buga takardar kowa ya gani, in kwanakin sun cika sai an dawo gabanku kafin a ƙara ko awa ɗaya, kuma wanda ya yi asara ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ku sake duba sashe na 24 a fitar da zagi da suka daga hannun masu kamu, wanda aka ɓata wa suna ya je kotu ya nemi diyya kamar kowa. A kuma rubuta a doka cewa saka VPN ba laifi ba ne, kuma ba jami'in da zai buɗe wayar mutum a titi ko a shago ba takardar alƙali, ai sashe na 37 da na 39 na kundin tsarin mulki sun riga sun ba mu sirri da bakin magana, aiki da su ne ya rage. Sannan ku kira waɗanda suka kashe sabis a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021 su zo zaman jin ra'ayin jama'a su faɗi abin da aka samu, a gayyato mutanen ƙauyukan su ma su faɗi nasu.

In ɗayanku ya zo hutun mazaɓa, ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata muna gasar ƙwallo a shago bayan la'asar, yara na zuwa daga unguwannin da na lissafa muku duka, wanda ya ci kofi na wancan watan daga Tudun Wada ya zo. Ku turo ko da mataimaki ne ya zauna a benci ya tambaye su da bakinsa inda kowa yake a daren kafiyun 2021 da yadda ya san gida lafiya.

Na gode, Allah ya taya ku riƙo, ya zaunar mana da Filato lafiya.

Naku,
mai gidan gem a Jos ta Arewa.